Wa Zai Gyara? Bakolori, Linux da Makomar Rubuta Manhaja

Madatsar ruwan Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan gulbin Sakkwato, tana cikin manyan ayyukan da kuɗin man fetur ya gina a Arewa. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi kwangilar. An tsara ta shayar da hekta 23,000 a yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Kimanin hekta 15,000 daga ciki za su sha ruwa ta bututun yayyafi da injuna ke tura wa ruwa, sauran 8,000 kuma ta magudanan da ruwa ke gangarowa da kansa. Mutanen yankin sun biya farashi mai tsada kafin su ga ɗigon ruwa: dubban iyalai sun rasa gidaje da gonaki, kuma a Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyya, aka yi asarar rayukan da har yau ba a daidaita kan adadinsu ba.

Zuwa farkon shekarun 2000, ɓangaren yayyafi ya tsaya cak. Ɓangaren magudanai kuwa, duk da yashi da ciyawar da suka cike shi, ya ci gaba da ba da shinkafa. Dalilan suna da yawa, daga ƙarancin lantarki zuwa ƙarancin kuɗin kulawa, amma akwai ɗaya da ya fi fitowa fili. Idan magudana ta toshe, manoma goma da shebur sun isa su yashe ta. Idan injin yayyafi ya lalace, sai an jira kayan gyara daga Turai, da injiniyan da ya san cikinsa, da kuɗin waje da za a biya su. An miƙa wa mutane fasahar da za su iya amfani da ita amma ba za su iya buɗe ta ba, ta kuwa mutu a hannunsu.

Wannan tarihi na ƙarfe da siminti ne, amma tambayar da ya bari ta koma kan wani abin da ba a gani da ido. A yau albashin ma'aikaci, da rajistar jarrabawar ɗalibi, da kididdigar allurar rigakafi, da kuɗin da mai POS ke turawa a kasuwar Talata, duk a kan manhaja suke tafiya. Wa ya mallake ta, wa ke da ikon buɗe ta, wa kuma zai gyara ta ranar da ta tsaya?

Abin da ake nufi da buɗaɗɗiyar manhaja

Kowace manhaja tana da fuska biyu. Akwai asalin rubutun da ɗan'adam ya yi da wani harshe na kwamfuta, wanda wani masani zai iya karantawa ya gane. Akwai kuma abin da aka juya wannan rubutu ya zama, wanda na'ura kaɗai ke fahimta. Kamfanoni irin su Microsoft da Adobe suna sayar da fuska ta biyu, su ɓoye ta farko. Mai saye yana da izinin amfani, amma ba shi da izinin leƙawa, balle gyarawa.

Wajen 1980, wani mai rubuta manhaja a cibiyar MIT ta Amurka, Richard Stallman, ya gaji da wata na'urar buga takardu ta kamfanin Xerox da ke yawan cushewa. Ya san gyaran da yake so ya yi, domin ya taɓa yi wa tsohuwar na'urarsu irinsa, amma aka hana shi asalin rubutun. Wannan takaici na cikin abubuwan da suka kai shi ga shelanta aikin GNU a 1983, da nufin gina cikakkiyar manhajar tafiyar da kwamfuta wadda kowa zai sami 'yanci huɗu a kanta: ya yi amfani da ita yadda ya so, ya karanta cikinta ya sauya, ya raba wa wasu, ya kuma raba gyaran da ya yi. A 1989 ya fitar da lasisin GPL, wanda ya yi kama da waƙafi mai sharaɗi: kowa na iya ɗiba, kowa na iya ƙari, har ma ya sayar, amma duk wanda ya raba abin da ya gina a kai dole ya bar shi a buɗe kamar yadda ya same shi.

A 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya rubuta ɓangaren da GNU ke jira, wato ƙwayar da ke sasanta manhajoji da ƙarfen na'ura. Ita ce Linux. Shekaru talatin da 'yan kai bayan haka, mafi yawan manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet a kanta suke, kuma tun Nuwamban 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da ita suke aiki.

Al'ummar da ta gaji karatun zaure ba za ta ga baƙon abu a nan ba. Ɗalibi yakan kwafi littafin malaminsa da hannu, wani malamin ya yi masa sharhi, na bayansa ya ƙara hashiya a gefe, kowa kuma ya ambaci wanda ya ɗauka daga gare shi. Ilimin ya rayu ne domin ba a kulle matanin ba.

Ƙwaya ɗaya, haɗi iri-iri

Ƙwaya kaɗai ba ta isa mutum ya zauna ya buga wasiƙa ba. Sai an haɗa ta da dubban ƙananan manhajoji: na nuna hoto, na shiga intanet, na rubutu da lissafi, na tsaro. Wannan haɗi shi ne abin da mutum ke sakawa a kwamfutarsa, kuma akwai ɗaruruwan irinsa. Debian, wanda Ian Murdock ya fara a 1993, 'yan sa-kai ne ke tafiyar da shi, har shugabansu da ƙuri'a suke zaɓa. Ubuntu, wanda attajirin Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya ƙaddamar a 2004, a kan Debian aka gina shi. Linux Mint kuma a kan Ubuntu. Red Hat kasuwanci ne sosai, domin a 2019 kamfanin IBM ya saye shi kan dala biliyan 34.

Abin da ya bambanta wannan haɗi da wancan ba launin fuska ba ne. Alkawari ne: su wa suka ɗauki nauyin toshe ɓarakar tsaro, har tsawon shekara nawa, a kan waɗanne na'urori. Kuma idan masu alkawarin suka saɓa, akwai mafita. A Disamban 2020 Red Hat ya sanar da cewa zai yanke rayuwar CentOS 8, haɗin da dubban kamfanoni suka dogara da shi kyauta. Cikin 'yan watanni wasu suka ɗauki rubutun da yake a buɗe suka fitar da AlmaLinux da Rocky Linux. Da rufaffiyar manhaja ce, da sai haƙuri.

Masu kwamfuta a Najeriya sun ga ɗaya gefen a ranar 14 ga Oktoba 2025, lokacin da Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, ban da ɗan ƙarin wa'adi ga wanda ya nema. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗan da yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika ba. Irin waɗannan kwamfutoci na gwanjo su ne suka cika shagunan buga takardu da ofisoshin ƙananan hukumomi da jakunkunan ɗalibai. Ba abin da ya same su. Suna kunnuwa, suna aiki. Wani ne a wata nahiya ya yanke cewa kwanansu ya ƙare. Laftof ɗin da ta shekara goma za ta ɗauki Debian ko Linux Mint ta ci gaba da samun gyaran tsaro, tare da LibreOffice na rubutu da lissafi, ba tare da biyan sisi na lasisi ba, ba kuma tare da kwafin sata da ke zuwa da cuta a cikinsa ba.

Ta riga ta iso, ba a dai san sunanta ba

Mai jin wannan bayani zai iya ɗauka cewa zance ne na Turai. Alhali duk wayar Tecno ko Itel ko Infinix mai Android da ke aljihun ɗan kasuwa a Maradun, ƙwayar Linux ce a cikinta. Kididdigar da asibitocin karkara ke tarawa duk wata, ta haihuwa da zazzaɓin cizon sauro da rigakafi, jami'in ƙaramar hukuma yana shigar da ita ne a DHIS2, buɗaɗɗiyar manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagoranta, wadda Najeriya da ƙasashe fiye da 70 suka ɗauka. Masu sa ido kan rigakafin shan-inna sun yi shekaru suna cike bayanai a waya da ODK, ita ma buɗaɗɗiya, wadda aka tsara ta yi aiki ko babu layi, ta aika bayanan daga baya idan an samu.

Wannan siffa ta ƙarshe mutanen Zamfara sun san darajarta fiye da kowa. A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar domin yaƙi da 'yan bindiga. An ce makonni biyu, amma a ƙananan hukumomi da yawa abin ya kai watanni. Mutane suka riƙa tafiya wasu jihohi domin kiran waya ɗaya ko tura kuɗi. Duk manhajar da sai ta gaisa da kamfaninta ta intanet kafin ta buɗe ta zama hoto. Wadda ke zaune gaba ɗaya a cikin na'ura ta ci gaba da aiki. Kamfanonin duniya kuwa sun karkata ne ga tsarin haya na wata-wata, inda manhaja da ajiyar bayanai duk suna hannunsu, ana biya da dala. Wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024 ya san abin da wannan ke nufi ga kasafin kuɗin makaranta ko asibiti.

Sai dai Android ɗin kanta gargaɗi ce. Gindinta a buɗe yake, amma rumbun Play Store da taswira da sauran hidimomin Google a rufe suke, kuma da su ake riƙe kasuwa. Kamfanin Huawei ya ɗanɗana haka a 2019, lokacin da takunkumin Amurka ya raba sabbin wayoyinsa da waɗannan hidimomi. Kasancewar ƙwaya a buɗe ba ta tabbatar da cewa mai waya yana da iko da wayarsa.

Najeriya ta taɓa gwadawa

A tsakiyar shekarun 2000 wani kamfanin Najeriya mai suna Leapsoft ya fitar da Wazobia Linux, haɗin da ya zo da Hausa da Yarbanci da Igbo. A 2007 shirin One Laptop per Child ya raba 'yan ƙananan laftof masu Linux ga ɗaliban wata firamare a Galadima, kusa da Abuja, aka yi ta yayata cewa Najeriya za ta sayi miliyan ɗaya. A shekarar dai, kamfanin Mandriva na Faransa ya ci cinikin saka nasa haɗin a kwamfutoci 17,000 na 'yan makaranta, samfurin Classmate na Intel. Cinikin ya jawo rigima har shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa yana zargin an bi ta bayan fage domin a goge Linux a sa Windows. Microsoft ya musanta aikata ba daidai ba, kuma hukumar da ke biyan kuɗin mafi yawan kwamfutocin ta ce za ta ci gaba da Mandriva.

Ina waɗannan ayyuka a yau? An daina sabunta Wazobia Linux. Cinikin laftof miliyan ɗaya bai tabbata ba. Kamfanin Mandriva ya rushe a 2015. Abin lura shi ne cewa rubutun Mandriva bai mutu da kamfanin ba, domin tsofaffin ma'aikata da 'yan sa-kai sun ci gaba da shi da sunan Mageia da OpenMandriva. Na Najeriya ne ya rasa magada. Lasisinsa ya yarda kowa ya ɗauka ya ci gaba, amma ba a tara jama'ar da za ta ɗauka ba.

A nan ne masu son buɗaɗɗiyar manhaja suka fi yaudarar kansu. Sukan yi tallarta da cewa kyauta ce, kamar dai araha ita ce dukkan labarin. An raba na'urori, an ɗauki hoto da yara, amma ba a tanadi malamin da ya iya ba, ko mai gyara a gari, ko kasafin shekara ta biyu. Buɗaɗɗiyar manhajar da babu wanda ya iya karanta ta a kusa ba ta da bambanci da injin yayyafin da aka bar wa littafin bayani da Italiyanci. Izinin buɗewa yana da amfani ne kawai idan akwai hannun da ya iya.

Gonar gayya da masu cin amfaninta

Matsalar ba ta Najeriya kaɗai ba ce. Gayya takan yi armashi ranar noma, da kiɗa da fura, amma ciyawar da ke fitowa bayan mako uku ba ta da mai kiɗa. A 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin wani babban kaso na shafukan intanet, sai duniya ta farga cewa 'yan tsirarun mutane ne ke kula da ita, da gudummawar da ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba.

Abin da ya faru a Maris 2024 ya fi tayar da hankali. Wata ƙaramar manhajar matse bayanai mai suna xz, wadda kusan kowane haɗin Linux ke ɗauke da ita, mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ya yi shekaru yana riƙe da ita ba albashi. Da gajiya ta cim masa, wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shigo da taimako, ya yi fiye da shekara biyu yana gina amana, sannan ya dasa ƙofar sirri da za ta iya bai wa maƙiyi damar shiga ɗimbin kwamfutoci. Wani injiniya, Andres Freund, ya gano ta ne saboda ya lura da jinkirin kusan rabin daƙiƙa a wajen shiga na'urarsa, ya ƙi yin shiru, ya bi diddigi. Labarin yana da fuska biyu. Buɗewar ce ta ba ɓarawo hanya ta gajiyar mutum ɗaya, ita ce kuma ta ba mai lura damar kama shi kafin abin ya bazu. A duka biyun, abin da ya yanke hukunci shi ne ko akwai mai karantawa.

Shirin TRIMING na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2014 domin farfaɗo da Bakolori da wasu madatsun Arewa, ya gane wannan a fagen ruwa. Ban da gyaran magudanai da mayar da wani ɓangaren yayyafi zuwa ruwa mai gangarowa, ya ɗora nauyin kula da ƙananan magudanai kan ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwan. Ko tsarin zai ɗore, lokaci ne zai nuna, amma tunanin daidai ne: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Idan na'ura ta iya rubutu, me ya rage wa mutum?

Yanzu ga sabon baƙo. GitHub, rumbun da mafi yawan buɗaɗɗun manhajoji ke zaune, wanda Microsoft ya saya a 2018 kan dala biliyan 7.5, ya fito da Copilot a 2021. ChatGPT ya biyo baya a Nuwamban 2022. Waɗannan manhajoji na ƙirƙirarriyar basira sun koyi rubuta manhaja ne daga ɗimbin rubutun da 'yan gayya suka bari a buɗe, kuma a yau mutum na iya bayyana abin da yake so da harshen yau da kullum, na'ura ta zubo masa ɗaruruwan layuka cikin daƙiƙoƙi. Iyaye da dama da suka tura 'ya'yansu karatun kwamfuta suna tambaya ko sun yi asara, musamman ganin gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha.

Amsar tana buƙatar a rarrabe aikin gida biyu. Rubuta sabon abu ya yi araha, kuma zai ƙara araha. Wanda dukkan gwanintarsa ita ce haɗa shafin intanet irin wanda aka riga aka haɗa sau dubu yana da dalilin damuwa. Amma mafi yawan rayuwar manhaja ba a ranar rubuta ta take ba. Tana cikin shekarun da ke biyo baya: karanta abin da wani ya rubuta, gano dalilin da lissafin albashi ya kauce a watan da aka yi ƙarin girma, sanin cewa unguwar zoma a ƙauye ba za ta cike gurbi ashirin a waya mai fasasshen gilashi ba, da ɗaukar alhaki idan abu ya ɓaci. Na'ura tana rubutu da cikakken ƙarfin gwiwa ko da ta yi kuskure, kuma kuskurenta yakan yi kama da daidai. Daniel Stenberg, mai kula da curl, wata manhaja da ke cikin biliyoyin na'urori, ya sha kokawa a bainar jama'a kan rahotannin ɓaraka na ƙarya da aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ke cinye lokacin 'yan sa-kai kafin a gane ba su da tushe.

Ke nan yayin da rubutu ke yawaita, mai karatu ne ke yin tsada. Makarantar koyon wannan karatu kuwa ita ce buɗaɗɗiyar manhaja, domin a can ne kaɗai ɗalibi a Talata Mafara zai iya buɗe aikin da ƙwararru suka yi shekara talatin suna gogewa, ya ga kowane gyara da dalilinsa da muhawarar da aka yi a kansa, ya aika nasa, a dawo masa da shi da gyara, ba tare da biza ko kuɗin makaranta ba. Ƙirƙirarriyar basira ma na iya zame masa mataimakin karatu, ta fassara masa abin da ya shige masa duhu. Haɗarin shi ne ya bar ta ta yi masa karatun baki ɗaya, ya fito yana iya yin odar manhaja amma ba ya iya buɗe ta. Al'ummar da ta cika da irin wannan gwani ta sake sayen injin yayyafi ne, wannan karon da hayar wata-wata.

Akwai kuma batun harshe. Na'urorin nan suna jin Hausa gwargwadon abin da aka rubuta da ita a fili. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sun daɗe da samun gurbi a Unicode, kuma akwai buɗaɗɗun manhajojin allon rubutu irin su Keyman da ke sauƙaƙa buga su, amma har yau takardun hukuma da yawa suna fitowa ba ƙugiya. Ayyukan da suka ɗaga Hausa a wannan fage kusan duk na gayya ne: Wikipedia ta Hausa, muryoyin da ake tarawa a Common Voice na Mozilla, ƙungiyar Masakhane ta masu bincike na Afirka, da tarin bayanan NaijaSenti na 2022 da Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ya jagoranta. Sun yi tasiri ne domin an bar su a buɗe, kowa ya gina a kai.

Abin da ke hannun mutanen gida

Babu hikima a kiran a goge Windows daga kowace kwamfuta gobe da safe. Birnin Munich na Jamus ya koma Linux tun daga 2004, sannan a 2017 majalisarsa ta yanke shawarar juyawa, abin da ya nuna cewa sauya manhaja aiki ne na siyasa da horo, ba na saka faifai kawai ba. Akwai mai zanen gini ko mai tace fim da aikinsa ke buƙatar rufaffiyar manhaja, kuma ba laifi ba ne ya saya. Amma akwai matakan da ba su buƙatar jiran Abuja.

Na farko yana hannun masu ba da kwangila. Duk ma'aikatar jiha ko ƙaramar hukumar da ta biya kuɗin jama'a aka rubuta mata manhaja, ta haraji ce ko ta albashi ko ta asibiti, ya kamata yarjejeniyar ta ce asalin rubutun da bayanan da aka tara mallakarta ne, a ajiye su a tsarin da kowace manhaja za ta iya buɗewa. In ba haka ba, ranar da aka ɓata da ɗan kwangila, ko gwamnati ta sauya, sai a tarar da bayanan shekaru a kulle a hannun wani.

Na biyu yana hannun makarantu. Talata Mafara tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara, Bakura kuma tana da kwalejin aikin gona. Aikin kammala karatu da ɗalibi zai kwafa, a ɗaure a ajiye a kanta, ba ya amfanar kowa. Da za a karɓi gyara ɗaya da masu kula da wata buɗaɗɗiyar manhaja suka amince da shi, ko fassarar wani sashe na LibreOffice zuwa Hausa, ko shekara guda ta kula da kwamfutocin wata sakandare, a matsayin aikin kammalawa, da ɗalibi ya fita da shaidar da kowane mai ɗaukar aiki a duniya zai iya dubawa da idonsa. Tsohuwar kwamfuta ɗaya a ɗakin karatu za ta iya ɗaukar kwafin rumbun Debian da Wikipedia ta hanyar Kiwix da darussan Kolibri, ta raba wa wayoyin ɗalibai ko an rufe layi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku yana hannun masu kuɗi da masu faɗa a ji, kuma shi ne mafi wuya domin ba ya ba da hoton buɗe taro. Mai kulawa yana buƙatar albashi. Matashin da ke gyaran waya a bakin tasha ya riga ya mallaki rabin ɗabi'ar da ake nema, wato rashin tsoron kwance abu ya ga cikinsa. Abin da ya rage shi ne a koya masa karanta manhaja kamar yadda ya koyi karanta allon waya, sannan a sami asibiti ko makaranta ko ƙungiyar manoma da za ta riƙa biyansa duk wata domin abin da ke aiki ya ci gaba da aiki.

Ma'aunin ci gaban fasaha a yanki irin wannan ba yawan laftof ɗin da aka raba ba ne. Ranar da kwamfutar ofishin lafiya ta ƙaramar hukuma ta ƙi tashi ana gobe za a aika rahoton wata, a duba nisan da za a yi kafin a sami wanda zai buɗe ta, ya gane matsalar, ya gyara. Idan sai an kira Legas, akwai sauran aiki. Idan ɗan unguwa ne zai zo a kan babur kafin la'asar, to fasahar ta zama ta gida.